Tarihin Mallakar Gidan Gado a Kudancin Kano

A ƙasashen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, gidan gado ya daɗe bisa tsarin mallaka iri biyu. Kowane magidanci da sashensa, amma zaure da rijiya da katanga na tarayya ne, gyaransu kuma yana wuyan kowa. Idan wani magaji ya sayar wa bare kasonsa kafin rabo, fiƙihun Malikiyya ya ba sauran haƙƙin shufa'a, wato su biya kuɗin su karɓe. Dokokin ƙasa na 1910 da 1978 sun danƙa ƙasa a hannun gwamna. Duk da haka tsarin bai rushe ba, domin rabon gado ya ci gaba da bin shari'ar Musulunci.