Raguwar Ɗaliban Jami'a a Amurka: Auna Hujjoji da Ma'aunin Tarihi

A shekarar 2010, ɗaliban da ke karatun digirin farko da difloma a manyan makarantun Amurka sun kai miliyan 18.1. Zuwa 2021 sun koma miliyan 15.4. Babu mai jayayya da wannan lissafi. Sa-in-sar tana kan dalili: wasu sun ce tsadar karatu ce ta kori matasa, wasu sun ce mutane sun daina yarda da digiri, wasu kuma sun ɗora laifin a kan raguwar haihuwa. Maganar ta iso wayoyin matasanmu, har ana kafa hujja da ita cewa ko a Amurka ma an dawo daga rakiyar boko. Tunda akwai mai iya ajiye karatunsa saboda wannan zance, ya kamata a auna shi.

A sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, idan abu ya lalace, kafin a zargi kowa sai an tambayi yaushe matsalar ta fara, kuma a wane sashe take. Tambayoyin nan suna da amfani a nan ma.

Mu fara da shekarar da ake fara ƙirga. A 1944 Amurka ta yi dokar biya wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu kuɗin karatu. Sama da miliyan 2 suka shiga manyan makarantu, har a 1947 kusan rabin ɗaliban ƙasar tsofaffin sojoji ne. Da suka kammala, ga kuma Yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, sai yawan ɗalibai ya sauka daga kusan miliyan 2.4 a 1949 zuwa miliyan 2.1 a 1951. Wanda ya fara lissafinsa daga 1949 zai rantse jami'a ta kama hanyar mutuwa, alhali zuwa 1970 ɗaliban sun haura miliyan 8. Shekarar 2010 ma irin wannan ƙololuwa ce. Tattalin arziki ya durƙushe a 2008, rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoban 2009, mutanen da suka rasa aiki suka koma aji. Da rashin aikin ya sauko zuwa kashi 3.5 a 2019, da yawa sun koma neman na abinci. Wani ɓangare na raguwar janyewar ambaliya ce kawai.

Sai kuma inda asarar ta faɗa. Mafi yawanta ta auka wa kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu, da makarantun 'yan kasuwa da aka kafa don riba. Jami'ar Phoenix, wadda ta tara ɗalibai sama da 400,000 a 2010, ta rasa mafi yawansu. Kamfanin Corinthian ya rufe makarantunsa a 2015, ITT ya biyo baya a 2016, bayan hukumomi sun tsananta bincike a kansu. Manyan jami'o'in jihohi ba su yi irin wannan asara ba, da yawa ma ƙaruwa suka yi. A nan hujjar tsada take tuntuɓe, domin kwalejojin al'umma su ne mafi araha. Da kuɗin makaranta kaɗai ne matsalar, da daga wurare masu tsada za a fara gudu.

Hujjar haihuwa kuwa matsalarta lokaci ce. Haihuwa a Amurka ta kai miliyan 4.3 a 2007, sannan ta fara sauka. Yaron da aka haifa a 2008 ba zai cika shekara 18 ba sai 2026, don haka ba shi ne ya bar kujera babu kowa a 2015 ba. Wannan hujja hasashen gaba ce, kuma an taɓa yin irinsa. A ƙarshen shekarun 1970 masana da dama sun yi gargaɗin cewa jami'o'i za su bushe, saboda matasa suna raguwa. Lissafinsu na matasa daidai ne: masu gama sakandare sun sauka daga kusan miliyan 3.1 a 1977 zuwa kusan miliyan 2.5 a farkon shekarun 1990. Amma ɗaliban manyan makarantu sun ƙaru daga miliyan 12.1 a 1980 zuwa miliyan 13.8 a 1990, saboda mata, waɗanda suka zarce maza yawa tun 1979, da magidanta masu aiki sun cike gurbin. Hasashen ya ɗauka masu shiga jami'a ba za su canja ba, sai suka canja.

Hujjar da ta fi tsayawa da ƙafafunta ita ce ta raguwar yarda. Daga cikin masu gama sakandare, kusan kashi 70 ne suka wuce manyan makarantu kai tsaye a 2016, amma a 2022 kashi 62 ne. Wannan kaso ne, raguwar yawan matasa ba ta iya bayyana shi. Binciken Gallup ma ya nuna masu cikakkiyar amincewa da ilimin jami'a sun ragu daga kashi 57 a 2015 zuwa kashi 36 a 2023. Sai dai annobar korona da ƙaruwar albashin ƙananan ayyuka sun faɗo cikin waɗannan shekarun, kuma jin ra'ayi yana nuna abin da mutane ke faɗa ne, ba lallai abin da ya hana su rajista ba.

Ko an tabbatar yarda ta ragu, wannan bai nuna digiri ya rasa amfani ba. A Amurkar da ake kafa hujja da ita, har yanzu masu digiri sun fi masu takardar sakandare albashi, kuma rashin aiki ya fi ƙaranci a cikinsu. Matashin da aka ce ya bar karatu saboda Amurkawa sun bari yana da haƙƙin ya tambaya: waɗanne Amurkawa, a wace makaranta, kuma daga wace shekara aka fara ƙirga?