Tanis na mata ƴan bibbiyu: yadda ake buga shi da waɗanda sunka yi suna

Tanis na ƴan bibbiyu shi ne wanda mata huɗu ke shiga hili lokaci guda, biyu wannan gefen raga, biyu wancan. Masu sharhi da Faransanci na ce mishi "double dames". Nan Maradi da Tibiri da Jiratawa, inda kokowa da ƙwallon ƙafa sunka cinye hira, galibi ga tele muke ganin shi, ko in ƴan uwa na Faransa da Beljiyam sun turo bidiyo ta waya.

Hilin tanis na da tsawon mita 23 da santimita 77. In mutum ɗaya ke karawa da ɗaya, faɗinshi mita 8 da santimita 23 ne. In ƴan bibbiyu ne, sai a ƙara lungu ɗaya dama, ɗaya hagu, faɗin ya kai mita 10 da santimita 97. Waɗannan lungunan kan ruɗa mai kallo na farko: ƙwallon da za a ce ta hita a wasan ɗaiɗai, nan tana ciki.

Lissahin maki shi ma sai an saba. Ana ƙirga 15, 30, 40, maki na gaba ya kammala abin da ake kira "jeu". Ɓangaren da ya fara cin jeu shidda da ratar biyu ya ɗauki "set", wanda ya ci set biyu ya yi nasara. Dukansu huɗu ke buga sabis bi da bi, ba a tsallake kowa. Ke nan in ɗaya na da raunin sabis, babu inda abokiyarta za ta ɓoye ta.

Abin da ya raba wasan ga da na ɗaiɗai shi ne fahimtar juna. Lokacin da ɗaya ke shirin sabis daga baya, ɗayar na tsaye gab da raga. Ku lura da hannunta: takan mai da shi bayanta ta yi alama da yatsu, don abokiyarta ta san inda za ta aika ƙwallo, da ko ita za ta zabura ta tare ta a tsakiya ko za ta tsaya wurinta. Bayan kowane maki sukan taɓa hannu su yi raɗa, wasu har da rufe baki da ƙwallo don kar abokan karawa su karanta leɓɓansu. An sha ganin gwanaye biyu na wasan ɗaiɗai sun haɗu, sun sha kashi hannun waɗanda ba su kai su suna ba amma sun daɗe tare.

Ƙungiyar WTA, wadda Billie Jean King ta jagoranci kafawa a 1973, ita ke tahiyar da gasannin ƙwararrun mata cikin shekara. Manyan gasanni huɗu ne: ta Ostareliya cikin Janairu, Roland Garros a Paris ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni bisa jar ƙasa, Wimbledon a Landan bisa ciyawa, sai ta Amurka a New York wajen ƙarshen Agusta. Kowace na ɗaukar tawaga 64, wadda ta faɗi sau ɗaya ta koma gida. A gasannin WTA na yau da kullum an taƙaita wasan: in an yi 40 da 40 maki ɗaya ke raba gardama, in kuma kowa ya ci set guda sai a yi tseren maki 10. Ƙarshen shekara tawaga takwas mafi ƙwazo ke haɗuwa. A 2024 Riyad ta Saudiyya ta karɓi baƙuncinsu.

Martina Navratilova da Pam Shriver sun ci manyan kofuna 20 tare, sun kuma jera wasa 109 ba a doke su ba tsakanin 1983 da 1985. Ya da ƙanwa, Venus da Serena Williams, sun kai wasan ƙarshe sau 14 a manyan gasanni, duka sun cinye, ga zinaren Olamfik na 2000, 2008 da 2012.

Afirka fa ta nan ƙofar ta fi samun shiga. Cara Black ƴar Zimbabuwe ta taɓa zama lamba ɗaya a duniya a wasan bibbiyu. Ta ci Wimbledon a 2004, 2005 da 2007, ta ci ta Ostareliya a 2007 da ta Amurka a 2008. Huɗu daga ciki tare da Liezel Huber ne, haifaffiyar Durban ta Afirka ta Kudu wadda daga baya ta koma buga wa Amurka. A 2022 kuma Angella Okutoyi ƴar Kenya ta ci kofin ƴan mata matasa na Wimbledon tare da wata ƴar Holan, Rose Marie Nijkamp, karon farko da wani daga Kenya ya ɗauki kofi a irin wannan gasa. Kakarta ta rene ta a Nairobi, ba gidan masu kuɗi ba.

Batun kuɗi akwai gyara. A Wimbledon ta 2024, wadda ta ci gasar ɗaiɗai ta karɓi fam miliyan 2 da dubu 700. Tawagar da ta ci ta bibbiyu, Katerina Siniakova da Taylor Townsend, fam dubu 650 ta samu, wajen miliyan 500 na CFA, kuma raba su za a yi biyu. Kuɗi ne masu yawa ga kunnenmu, amma na zakaru ne kaɗai. Waɗanda ke faɗuwa zagayen farko a ƙananan gasanni su ke biya wa kansu jirgi da mai horo, sau da yawa abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Kusa da mu, gasar da ta fi suna a ƙasar Hausa ita ce Dala Hard Court da ake yi a Kano, wadda ke tara ƴan wasan Najeriya maza da mata. Daga Maradi hanyar Ɗan Isa, Jibiya da Katsina ce ke kai mutum can.