Gwaninta da Sanin Kasuwa: Darasi Daga Tarihin Galabat da Gadarif

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan ga matashi ya kammala karatun injiniya a Zariya ko Kano, ya iya harhaɗa inji da gyara shi, amma da zarar ya buɗe wurin sana'arsa sai jari ya narke kafin shekara ta zagayo. Wannan takarda za ta dubi matsalar ta fuskar tarihi. Za a ɗauki misali daga garin Galabat da ƙasar Gadarif a gabashin Sudan, inda Hausawa da sauran mutanen yamma suka daɗe da zama. Manufa ita ce a nuna cewa iya aiki daban, sanin mai saye kuma daban, kuma wanda ya haɗa biyun shi ne yakan ci riba.

2.0 Galabat da Takarir

Galabat tana bakin iyakar Sudan da Habasha, kimanin kilomita 150 kudu maso gabas da birnin Gadarif. Wani rafi ne kawai ya raba ta da garin Matamma na Habasha, daga nan kuma hanya ta haura tsaunuka zuwa Gondar. Tun ƙarni na 18 mahajjata daga Darfur da ƙasashen da ke yamma da ita suka riƙa yada zango a nan, a kan hanyarsu ta zuwa Makka ko ta dawowa, wasu kuwa suka zauna ke nan. Larabawa na kiran irin waɗannan mutane Takarir, sunan da ya haɗa har da Barebari da Fulani da Hausawa, kuma daga tushensa ne aka sami kalmar Takari.

Abin da waɗannan baƙi suka iya shi ne noma, musamman na auduga da dawa. To, amma manoma sun cika ko'ina. Abin da ya bambanta su shi ne sun lura da buƙatar maƙwabtansu: mutanen tsaunukan Habasha masaƙa ne masu sa fararen tufafi, alhali auduga ta fi son ƙasa mai zafi irin ta gangare. Saboda haka sai Takarir suka noma abin da ake nema a bayan rafi. Matafiyin nan ɗan Ingila, Samuel Baker, wanda ya ratsa garin a 1862, ya tarar da kasuwa cike, auduga na haurawa Habasha, gahawa da kakin zuma da fatu na gangarowa. Akan yi ciniki da riyalin azurfa na Mariya Tereza. Ba za a ɓoye ba, har bayi ana sayarwa a wannan kasuwa, kuma wannan tabo ne a tarihinta.

Shehunan Takarir sun kuma san cewa ciniki ba ya yiwuwa sai da zaman lafiya. Don haka suka riƙa biyan haraji ga ɓangarori biyu, wato gwamnatin Turkawa da Misirawa da ke Hartum da kuma sarakunan Habasha. Wannan dabara ta rushe a zamanin Mahadi. A watan Maris na 1889 aka gwabza yaƙi a Galabat tsakanin rundunar Mahadiyya ƙarƙashin Zaki Tamal da ta Sarki Yohannes na Huɗu, wanda a nan ya sami raunin da ya yi ajalinsa. Kasuwa ta watse, kuma ba ta sake komawa matsayinta na da ba. Da jirgin ƙasa ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, sai babban ciniki ya tattara a can.

3.0 Zuwan Tarakta

Ƙasar Gadarif shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka mai danƙo da damina, mai tsattsagewa da rani. Fartanya ba ta iya cin fili mai yawa a cikinta. A tsakiyar shekarun 1940 gwamnatin Turawan Ingila ta kawo taraktoci yankin Gadambaliya, kusa da Gadarif, domin a noma dawar ciyar da sojoji. Ta fuskar injiniya aikin ya yi kyau: tarakta na jan garma mai faifai, ta kashe ciyawa ta kuma zuba iri a tafiya ɗaya. Aka kuma gwada tsarin raba amfani tsakanin gwamnati da ƙananan manoma. Amma da aka zauna lissafi, sai aka ga kuɗin da ake kashewa ya yi yawa. Daga 1954 gwamnati ta fara miƙa aikin ga masu zaman kansu.

Me ya faru? Tarakta ta warware huɗa da shuka kaɗai. Noman ciyawa da girbi suna nan a hannun mutum. Riɗi kuwa, in ya nuna ba ya jira, kwansonsa fashewa yake yi iri ya zube, dole a sami masu yanka da yawa cikin 'yan kwanaki. Waɗannan ma'aikata sai an ciyar da su, an kai musu ruwa a filin da ba rijiya sai tafkin da aka haƙa, wanda ake kira hafir. Ga man fetur, ga kayan gyara daga ƙasashen waje, ga buhuna, ga motar ɗaukar kaya, ga rumbun ajiya.

Waɗanda suka iya ɗaukar wannan nauyi galibi 'yan kasuwa ne da manyan manoma da tsofaffin ma'aikatan gwamnati. Akan ba mutum gona mai fadan 1,000, wato kusan hekta 420, kuma a 1968 aka kafa hukuma ta musamman don kula da noman inji, Bankin Duniya ya sa kuɗi a shirin Simsim. Yawancin masu gonakin ba su iya kwance injin tarakta ba. Direba da bakanike albashi ake biyan su. Amma maigidan ya san farashi a kasuwar gwanjon amfanin gona ta Gadarif, ya san dillalai, ya san lokacin da zai riƙe kaya da lokacin da zai saki. Ma'aikatan kuwa, da yawansu 'yan yamma ne, har da Hausawan da suka ƙaru a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa gari kusa da Sinnar. Daga baya 'yan ci-rani daga Habasha suka riƙa shigowa ta Galabat lokacin girbi.

Sai dai sanin kasuwa shi kaɗai ma bai wadatar ba. An shata cewa a riƙa hutar da wani sashe na gona, amma neman riba ta gaggawa ya sa da yawa suka yi ta maimaita dawa a wuri ɗaya, suka sare itatuwa, ƙasa ta gaji, ƙuduji ya yi yawa, amfani ya ragu. Filayen kiwo suka ƙuntata, rikici da makiyaya ya ƙaru. Ƙaramin manomi kuma ya faɗa hannun bashin da ake kira shail, inda yakan karɓi kuɗi da damina ya biya da hatsi a farashi mai arha. A nan da an saurari masanin ƙasa da injiniya, da ba a kai ga haka ba.

4.0 Darussa

Na farko, a fara da mai saye kafin a fara da inji. Takarir sun san wanda zai sayi audugarsu tun ba su shuka ba. Na biyu, a lissafa aiki daga farko har ƙarshe, domin inda asara take ɓuya ba inda gwani yake kallo ba ne. Na uku, jari ba na sayen inji kaɗai ba ne, har da na jira, gama wanda bashi ya matsa wa yakan sayar ranar da kowa ke sayarwa. Na huɗu, hanya da siyasa suna cikin lissafi. Yaƙin 1889 da layin dogo sun sauya makomar Galabat, haka kuma rikicin filin Fashaga da ya tsananta a ƙarshen 2020 da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 suka taɓa zirga-zirga a wannan iyaka. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

5.0 Kammalawa

Tarihin Galabat da Gadarif ya nuna mana ɓangarori biyu. Injiniya ba tare da ɗan kasuwa ba ya kawo tarakta amma bai ci riba ba. Ɗan kasuwa ba tare da masani ba ya ci riba amma ya gajiyar da ƙasa. Matashin da ya fito da takardar injiniya yana da rabin abin da ake buƙata. Sauran rabin yana Kasuwar Kurmi da Dawanau da makamantansu, kuma zuwa da kai ya fi aike.