Wuri 300,000,000: Nazari a Kan Ƙidayar Kanawan Dauri

A wannan takarda za mu duba adadi guda, domin gyara zaton da ake yi cewa sai da boko ya zo Bahaushe ya san babban lissafi.

A shekarar 1851, zamanin Sarkin Kano Usman, Bajamushen nan Heinrich Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje kowace shekara sun kai aƙalla wuri 300,000,000.

In muka feɗe wannan adadi, za mu tarar 3 ce aka riɓanya da 10 har sau takwas. Saboda haka yana rabuwa daidai, ba ragowa, da duk ma'aunan fatake: hauya, wato wuri 20, zangu, wuri 100, da ƙeso, wuri 20,000. Ke nan ƙeso 15,000 ne cif. A canjin lokacin kuwa, na wuri 2,500 kowace dalar azurfa, dala 120,000 ne.

Ashe al'ummar da ta juya irin wannan dukiya ba baƙuwar lissafi ba ce. Ya wajaba mu tattara waɗannan kalmomi daga bakin dattawa tun ba su salwanta ba.