Yawunde: yadda baƙo zai samu masauki mai sauƙin kuɗi

Duk wanda zai je Yawunde, babban birnin Kamaru, gara ya nemi masauki kusa da inda buƙatarsa take. Ɗaki mai araha a bayan gari sau da yawa kuɗin tasi kan cinye rangwamensa.

Unguwar Briketeri ce matattarar Hausawa. Tana kusa da tsakiyar gari, da kasuwar Mokolo, da Babban Asibiti, kuma akwai masallatai da gidajen abinci da ƙananan masaukai. Wanda bai san kowa ba, ya fara tambaya a masallaci. Bastos, unguwar ofisoshin jakadanci, otal-otal ɗinta na da tsada. Mai wucewa Duwala kuwa, Mvan ta fi masa, don can tashoshin motocin suke.

Jirgin ƙasan Ngawundare da safe yake isowa, saboda haka akwai lokacin zagayawa kafin dare.

Kafin a biya, a shiga ɗakin a duba ruwa da wuta da makulli. A tambayi kuɗin kwana ɗaya da na mako, a karɓi rasit. A riƙe katin shaida ko fasfo, domin ana rubuta sunan baƙo.