HIDIMAR JANA'IZA A ƘARAMAR EKKLESIYA: DARASI DAGA TARIHIN 'YAN MISHAN NA LDS

Idan ana rubuta tarihin ekklesiya, abin da aka fi tunawa shi ne ranar da aka sa harsashin gini, da sunayen fastoci, da yawan waɗanda aka yi wa baftisma. Ba safai akan rubuta sunan wanda ya haƙa kabari ba, ko na matar da ta kwana tana ɗinka likkafani. Amma duk wanda ya taɓa zama a ƙaramar ekklesiya ya san ranar rasuwa ce take nuna ƙarfin jama'a. Domin haka, a wannan biki na cika shekara 50, muka ga ya kyautu mu duba tarihin wata ƙungiya da ta faro a Amurka, wato Ekklesiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wadda aka fi sani da LDS ko 'yan Mormon. Koyarwarsu ta sha bamban da tamu a manyan wurare, ba kuwa ita muka zo tattaunawa ba. Abin da za mu duba shi ne yadda suka tsara hidimar binne matattunsu.

KABURBURA A BAKIN HANYA

Joseph Smith ne ya kafa ƙungiyar a jihar New York ranar 6 ga Afrilu, 1830. A wannan shekara ƙanensa Samuel ya fita wa'azi, a 1837 kuma 'yan mishan ɗinsu suka isa Ingila. A 1839 suka zauna a Nauvoo, bakin kogin Mississippi. Wurin fadama ne, zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutane da yawa. A nan ne mata 20 suka taru ranar 17 ga Maris, 1842, suka kafa Ƙungiyar Agaji ta Mata, da Emma Smith a matsayin shugaba. Aikinsu shi ne kula da matalauta, da marasa lafiya, da gidajen da aka yi rashi.

Bayan an kashe Joseph Smith a 1844, sai jama'ar suka bar Nauvoo a 1846, suka nufi yamma. Suka yi zango kusa da inda birnin Omaha yake a yau. Sanyi da yunwa da cuta suka hallaka ɗaruruwa a wannan zango. Har wa yau akwai mutum-mutumi a makabartar, wanda aka kafa a 1936, yana nuna miji da mata a tsaye bakin kabarin jaririnsu. A 1856 kuma wasu ayari biyu masu jan amalanke da hannu suka makara a hanya, ƙanƙara ta rufe su, mutum fiye da 200 suka mutu. Ba mai sayar da akwatin gawa a dajin nan. Wanda ya yi wa'azi da safe, shi ne mai riƙe da shebur da yamma.

YADDA SUKA RABA AIKIN

Da suka zauna a Utah daga 1847, sai suka bazu cikin ƙananan ƙauyuka masu nisa da juna. A 1867 Brigham Young ya sa Eliza Snow ta sāke tayar da ƙungiyar matan a kowace unguwa. Su ne suke jinya, su wanke gawar 'yar'uwarsu, su ɗinka fararen tufafin binnewa, su kuma dafa wa masu makoki abinci. Maza su haɗa akwati, su haƙa kabari.

Wannan tsari ya ɗore. Shugaban jama'arsu na unguwa ba ya karɓar albashi, yana da sana'arsa, shi ne kuma yake bi da sujadar jana'iza ba tare da an biya ko kwabo ba. A bakin kabari, namiji guda da aka naɗa firist yakan yi addu'ar keɓe kabarin. Mata kuma su shirya abincin iyali bayan an dawo daga makabarta.

A ƙananan rassa, inda masu zuwa sujada ba su da yawa, sau da dama nauyin yakan faɗo kan 'yan mishan. Samarinsu sukan yi shekara 2, 'yan mata wata 18, akwai kuma dattawa, miji da mata, da suke fita bayan sun yi ritaya da kuɗin aljihunsu. Mutum ya zo domin wa'azi, sai ya iske kansa yana jera kujeru, yana bi da waƙa, yana ɗaukar akwati, yana zaman makoki da mutanen da bai daɗe da sani ba. Amma ɗan mishan baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Idan wa'adinsa ya cika ya tafi, wa zai binne na gaba?

NIJERIYA DA GANA

Wannan tambaya ta yi nauyi a Afirka. Tun zamanin Brigham Young har zuwa 1978, ƙungiyar ba ta naɗa baƙar fata firist. Ma'anarsa ita ce, bisa ga tsarinsu, ɗan Afirka ba shi da ikon yin addu'ar keɓe kabarin mahaifinsa. A watan Yuni, 1978, shugabansu Spencer Kimball ya sanar da janye wannan hani.

A watan Nuwamba na shekarar, dattawa biyu da matansu suka sauka Nijeriya: Rendell da Rachel Mabey, da Edwin da Janath Cannon. Ranar 21 ga Nuwamba suka yi wa mutum 19 baftisma a yankin Mbaise, jihar Imo. Na farko shi ne Anthony Obinna, malamin makaranta da ya yi shekaru yana rubuta wasiƙu zuwa Amurka yana roƙo a aiko da mutane. Nan take aka naɗa shi shugaban reshen, matarsa Fidelia kuma ta zama shugabar mata. Wato tun daga ranar farko aka danƙa sujada da jinya da jana'iza a hannun 'yan ƙasa.

Amfanin wannan ya fito fili a Gana. A watan Yuni, 1989, gwamnati ta kori 'yan mishan na waje, ta rufe majami'unsu har zuwa ƙarshen 1990. Jama'ar ba su watse ba. Suka ci gaba da sujada a gidajensu, suna ziyartar juna, domin sun riga sun koyi ɗaukar nauyin kansu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Darasin a fili yake. Alherin ɗan mishan ba ya cika sai ya bar waɗanda za su yi aikin bayansa. Haka yake ga kowane dattijo da kowace uwa a cikinmu. Waɗanda suka iya shirya gawa da zaman ta'aziyya suna tsufa, matasa kuwa suna tafiya birni. Bari dattawan ekklesiya su riƙa jan samari zuwa makabarta su koya musu. Bari Zumuntar Mata su jawo 'yan mata kusa. Mu kula da asusun taimako, domin kada gwauruwa ta ci bashi kafin ta binne mijinta. Mu kuma rubuta sunayen waɗanda suka kwanta, da inda aka sa su, domin masu bikin shekara 100 su san kaburburan iyayensu.

Allah ya ta'azantar da dukan masu makoki a cikinmu, ya ba mu zuciyar hidima. Amin.