Dorinar Ayoru da kifin shak: gardama ɗaya ce

Mu nan Maraɗi ba mu da teku, Gulbinmu ma sai damina yake kawo ruwa. Shi ya sa in aka ce mutanen Afirka ta Kudu na gardama a kan babban farin kifin shak, sai mu ɗauka ba ruwanmu. Ni dai ina ganin gardamar tamu ce, dabbar ce kawai ta bambanta.

A 1952 aka kafa raga a bakin tekun Durban don kare masu iyo. Ragar ta rage hari, amma ta riƙa kashe kunkurun ruwa da wasu halittun da ba su ci ba, ba su sha ba. A 1991 ƙasar ta zama ta farko da ta haramta kashe farin shak. Har yau masu wasan hawan igiyar ruwa na cewa kifin ya yi yawa, masu bincike na cewa ya yi ƙaranci.

To mu dawo gida, kogin Isa. Can dorina ce abin tsoro. Masuntan da Zabarmawa ke kira Sorko, sunan da ke da kama da namu Sarkawa, su ne suka san ta: inda take kwana, lokacin da take da ɗa, mashigin da ba a bi da yamma. Suna farautarta da zago. Jean Rouch ya ɗauki irin wannan farauta a fim a yankin Ayoru a 1951.

Daga baya hukuma ta karɓe zagon. Dokar farauta ta 1998 ta ba dorina cikakkiyar kariya, kuma a 2006 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Amma a Nuwamba 2014 dorina ta kife wani kwale-kwale a Libore, kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki yara ne. A 2017 kuma aka ba da labarin kashe dorina aƙalla 27 a Ayoru, inda manoma ke kukan ta cinye musu shinkafa. Cikin shekarar nan gwamnati ta keɓe mata mafaka a kogin.

Ka ga, kowa da lissafinsa. Jami'in gandun daji yana ƙirga dorinar da ta rage, uba yana ƙirga ƴaƴan da zai sa a jirgi gobe da safe. Ba mai ƙarya a cikinsu, amma ƙidaya ba ta faɗa wa mai fito inda zai bi yau.

A nan dabarar Cape Town ta burge ni. Tun 2004 akwai masu tsaro a kan dutse suna duban teku. In sun hango shak sai su canza tuta, su busa jiniya, mutane su fito. Ba a kashe kifi ba, ba a kuma bar mutum da sa'arsa ba. Ai wannan aikin Sarkin Ruwa ne, kamar yadda a Argungu ba a shiga su sai ya ba da izini.

Dokar ta 1998 ta hana masunci kisa, ya yi. Saura a ba shi aiki da albashi, ya tsaya a mashigi ya ce wa ƴan makaranta: yau kar ku bi ta nan.